Daga Zauren Malam Zuwa Ɗakin Likita: Tarihin Ciwon Damuwa a Ƙasar Dutse

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a Limawa ta Dutse ya san yadda abin yake tafiya. Tun kafin a dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa sun jeru a inuwa, mai zuwa ya tuɓe takalmi ya durƙusa, a ɗaga hannu a yi addu'a a shafa. "Ya ƙarin haƙuri?" "Da godiya." A cikin gida kuwa mata sun kewaye matar mamacin, wata ta riƙe mata kofin kunu tana lallashi: "Daure ki kurɓa, Yaya, ko don yaran nan." Maƙwabta ne ke ɗora tukunya. Kwana uku gidan ba ya rabuwa da mutane, kuma ba a barin mai rashi ta kwana ita kaɗai.

Sai a yi addu'ar uku, a naɗe tabarmi. Na nesa su hau mota, na kusa su koma gona da kasuwa, matar ta ci gaba da takabarta ta wata 4 da kwana 10. Yawancin mata kafin su fita takaba zuciya ta fara saki. Abinci ya fara shiga, barci ya dawo, a ji muryarsu a tsakar gida suna yi wa yara faɗa. Amma akwai wadda za a shekara tana nan jiya i yau. Ta rame, ta daina zuwa suna da biki, suyar ƙuli-ƙulin da take yi ta tsaya, tana farkawa tun kafin assalatu ta zura wa rufin ɗaki ido. In an tambaye ta sai ta ce kanta ne ke zafi, ko ƙirjinta ya yi nauyi kamar an aza mata dutse. 'Yan uwa su ce ta sa abu a ranta, tunani ya yi mata yawa.

Wannan halin shi likitoci ke kira ciwon damuwa. Yadda aka yi ta fama da irin wannan majinyaciya a ƙasar Dutse, tun garin yana gunduma a ƙarƙashin Kano har ya zama babban birnin jiha, labari ne mai tsawo, kuma duk inda ya juya tambayar ba ta canzawa: wa zai zauna ya saurare ta?

Ciki da sirrinsa

Bahaushe bai taɓa rasa sunan abin ba. Yana da baƙin ciki, ɓacin rai, ƙunci, takaici, zullumi, karayar zuciya da fitar da rai. Ya kuma raba waɗannan duka da hauka. A wurinsa mahaukaci shi ne mai duka, mai tuɓe tufafi, mai bin bola yana surutai. Wanda ya shige ɗaki ya yi shiru, yana sallarsa, yana amsa gaisuwa, ba a lissafa shi cikin marasa lafiya. Mutum ne da duniya ta taɓa, ana jiran ya warware.

Tarbiyyar gida ma ta taimaka wajen rufe shi. Ana koya wa yaro tun yana ƙarami cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mace mai kunya ba ta tona asirin aurenta, namiji ba ya kuka a gaban mutane, kuma a gidajen Fulanin da suka riƙe sarautar Dutse tun farkon ƙarni na 19, filako ya ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi. Haƙuri babban ado ne, ya kuma riƙe gidaje da yawa da sun watse. Sai dai shi ne mayafin da mai ciwon damuwa ke lulluɓa da shi har ya yi nisa ba a farga ba. Abin da baki ya kasa faɗa sai jiki ya faɗa, shi ya sa majinyacin ke zuwa da ƙorafin zafin kai, faɗuwar gaba, kasala, ko wani abu mai yawo a jiki.

Allo da garaya

Kafin zuwan asibiti, ƙofofi biyu ne a buɗe ga mai irin wannan lalura.

Ta farko zauren malam. Addinin da malamin ke karantarwa bai ɗauki baƙin ciki abin kunya ba. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf. Masu tarihi sun sa wa shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu suna Shekarar Baƙin Ciki. An ruwaito Nana A'isha tana umartar a dama wa masu rashi talbina, wani kunu na sha'ir, don yana sanyaya zuciya. Shugabannin jihadi ma sun kula da sha'anin magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ɗibbu, ƙanwarsa Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, inda ta tattara surorin da ake neman waraka da kariya da su.

Abin da ake gani malam ya bayar shi ne rubutu. Ya ɗauki alƙalamin kara ya tsoma a tawada, ya cika allo da ayoyi, a wanke a kwano a kai wa mara lafiya. Amma kafin tawada ta taɓa allo an yi wani aikin da ba a cika lissafawa ba. Mijin ko uwar majinyaciya sun zauna a kan buzu sun zayyana komai: yaushe abin ya fara, wa ya rasu, an yi mata kishiya ne, jarinta ne ya karye? "Allah gafarta Malam, tun rasuwar ɗanta ba ta sake komawa daidai ba." Malamin ya san gidan, ya san dangin, wataƙila shi ya ɗaura auren. Yakan aika a kira mijin ya ja masa kunne, ko ya ce a mai da ita gidan iyayenta ta huta. Ko a yau, masu maganin zantawa suna kashe makonni kafin su san abin da malamin unguwa ya sani tun kafin a yi masa sallama.

Ƙofa ta biyu ita ce ta 'yan bori, waɗanda suka ɗauki doguwar rashin lafiya da ba a gane kanta ba a matsayin taɓin iska. Maganinsu girka: a keɓe majinyaciya kwanaki a hannun uwar girka, ana ba ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi, ana kaɗa mata garaya da ƙwarya, a ƙarshe ta fito ta shiga ƙungiyar mata masu irin lalurarta. Malaman jihadi sun yaƙi bori saboda ya saɓa wa tauhidi. Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, inda shugabanni mata da ake kira jaji ke jagorantar matan ƙauye zuwa karatu, suna kuma kula da marasa lafiya da zawarawa. Masana irin su Jean Boyd suna ganin tsarin ya ba mata abin da a da suke nema wurin bori, wato taro, shugaba mace, da wurin sauke abin da ke rai.

Can nesa da ƙasar Hausa, wani malami ya daɗe da rarrabe ciwon. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya bayyana a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus cewa baƙin ciki iri biyu ne. Akwai mai sananne dalili, kamar rashi ko asara, wanda ake magancewa da magana mai taushi daga waje da kuma tunani mai kyau da mutum zai tanada wa kansa tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida. Akwai kuma wanda ke saukowa ba gaira ba dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake, yana buƙatar maganin jiki. Littafin ya daɗe a ajiye a Istanbul. Masanin halayyar ɗan Adam na Sudan, Malik Badri, ya fassara sashensa na lafiyar rai zuwa Ingilishi a 2013.

Zamanin sarƙa

Turawa sun ci Kano a 1903, Dutse ta zama gunduma a ƙarƙashin En'e ta Kano. Abin da ya dami sabuwar gwamnati game da lafiyar ƙwaƙwalwa shi ne tsaron titi. A Kudu an buɗe gidan ajiye masu taɓin hankali a Kalaba, sannan na Yaba a Legas a 1907. An yi dokar mahaukata a 1916, aka sake fasalinta a 1958, kuma jigonta shi ne yadda za a tsare mutum. A Arewa, En'e-En'e ne ke riƙe da irin waɗannan mutane, galibi a wani sashe na gidan yari, a hannun gandirobobi. Wanda ya ƙona rumbu ko ya sari wani shi ake kaiwa. Matar da ta daina cin abinci a ƙuryar ɗaki a Limawa ba ta tare wa kowa hanya ba, don haka ba ta shiga littafin kowa ba.

Daga wannan giɓin aka gina wata babbar ƙarya. Likitocin mulkin mallaka sun duba gidajen da suke tsare mutane, ba su ga masu damuwa ba, sai suka yanke hukuncin cewa baƙar fata ba ya kamuwa da ita. Wanda ya fi yaɗa wannan ra'ayi shi ne J. C. Carothers, da ya shugabanci asibitin Mathari a Nairobi. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga masa a 1953, ya ce ciwon damuwa ba kasafai ake samun sa a Afirka ba, wai don mutanen nahiyar ba su da zurfin tunani da zargin kai da ke haifar da shi.

Waɗanda suka rushe maganar su ne waɗanda suka fita daga asibiti suka je inda mutane ke kai kukansu. A ƙasar Ashanti ta Ghana, Margaret Field ta zauna a wuraren bokaye tana sauraron masu zuwa. A littafin da ta fitar a 1960 ta nuna cewa damuwa ce lalurar ƙwaƙwalwa da ta fi yawa a tsakanin matan karkara, har wasunsu na zargin kansu da maita saboda tsananin ganin laifin kai.

A Najeriya kuwa Thomas Adeoye Lambo ne ya juya akalar. Ya dawo daga karatu a Ingila, a 1954 ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon kulle majinyata, sai ya sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa da ɗan uwansa mai jinya, da safe su zo a duba su, da yamma su koma cikin jama'a. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Binciken da ya yi da masanan Jami'ar Cornell ta Amurka, wanda aka buga a 1963, ya samu alamun damuwa birjik a garuruwan Yarabawa. Lambo ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Bahaushen da ya ga tsarin Aro ba zai yi mamaki ba, domin a ƙasar Hausa ba a san mara lafiya ba tare da mai jinya ba.

Sabuwar jiha, tsohuwar tambaya

Bayan 'yancin kai an samu asibitocin ƙwaƙwalwa a Arewa: Barnawa a Kaduna, Kware kusa da Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano. A 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama hedikwata. A wannan shekarar ce kuma Najeriya ta fitar da manufarta ta farko kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ce a shigar da ita cikin ayyukan ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye. Manufar ta fi daɗewa a takarda. Asibitin ƙwaƙwalwa na jihar yana Kazaure, can kusurwar arewa maso yamma, tafiya mai nisa daga Dutse, kuma sunansa kaɗai ya isa ya sa iyali su ja da baya. Wa zai yarda a ce an kai 'yarsa asibitin mahaukata, alhali tana da ƙanne da ba su yi aure ba?

Wani bincike da likitocin Kano suka yi a ƙauyen Karfi, aka buga a 2004, ya nuna hoton da jama'a ke ɗauke da shi. An tambayi manya 250 alamun taɓin ƙwaƙwalwa, amsoshin da suka fi yawa su ne faɗa da ɓarna, yawan surutu, baƙuwar ɗabi'a da yawon titi. Da aka tambaye su musabbabi, shaye-shaye ne kan gaba, sai ƙaddara, sai sammu da aljanu. Kashi 46 cikin 100 sun zaɓi asibiti a matsayin wurin magani. Shiru, rashin barci da yanke ƙauna ba su shiga sahun gaba ba, shekara 50 bayan Lambo.

A tsakiyar shekarun 1990, bayan yawaitar faɗuwar 'yan mata a makarantun sakandare na Kano, ruƙiyya ta bunƙasa, shagunan magungunan Musulunci suka cika gari da habbatus sauda, zaitun da turaren aljanu. Mutane da yawa sun sami natsuwa a karatun. Wasu kuma, masu ciwon damuwa tsantsa, sun shekara ana neman aljanin da babu shi. Mafi muni shi ne gidajen mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, aka kuma bankaɗo irinsa a Daura da wasu garuruwa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci da kare mutuncinsa.

Girman matsalar ya wuce abin da asibitoci ƙalilan za su ɗauka. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya nuna 'yan Najeriya kimanin miliyan 7 na fama da ciwon damuwa, wato kashi 3.9 cikin 100. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne, yawancinsu a manyan birane.

Magana a matsayin magani

Likitoci suna raba ciwon damuwa da ɓacin ran yau da kullum da ma'auni bayyananne. Idan mutum ya yi aƙalla mako 2, kusan kullum, cikin ƙunci ko rashin jin daɗin abin da a da yake so, ga matsalar barci, sauyin cin abinci, kasala, rashin tattara hankali, ganin kai ba shi da amfani, ko tunanin gara mutuwa, har abin ya hana shi harkokinsa, to ciwo ne. Ya fi kama mata, musamman bayan haihuwa. Gado na da hannu, haka talauci, rashi, duka a gidan aure da doguwar jinya. Yana kama mai yawan ibada kamar yadda hawan jini ke kama shi.

Magungunansa na sha sun fara fitowa a ƙarshen shekarun 1950, kuma amitriptyline, ɗaya daga cikin na farkon, har yanzu ana ba da shi a asibitocin Najeriya. Sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu. Maganin zantawa na zamani kuwa ya sami siffarsa a hannun Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania a shekarun 1960. Beck ya lura majinyatansa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu a rai ba sallama, duk masu duhu, game da kansu, da duniya, da gobe. Ya ga cewa in an koya wa mutum ya kama irin wannan tunani ya auna shi da hujja, ya kuma koma ayyukan da ya watsar kaɗan-kaɗan, ciwon yana sassautawa. A shekarun 1970 Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara wata hanyar, wadda ke duba abubuwa 4 da ke tayar da damuwa: rashi, saɓani da na kusa, sauyin matsayi, da kaɗaici. In aka juya su zuwa rayuwar Dutse, ana maganar takaba ne, da rikicin miji ko kishiya, da saki ko haihuwar fari ko karayar jari, da amaryar da aka kai gari mai nisa ba ta san kowa ba.

Ga yadda irin wannan zama yakan kasance. Ma'aikaciyar lafiya ta ja kujera kusa, ta rufe ƙofa.

"Inna, da kika farka da asuba, me ya fara zo miki a rai?"

"Cewa na zame wa 'ya'yana kaya."

"A cikinsu wa ya faɗa miki haka?"

Shiru. "Babu wanda ya faɗa. Babban ma jiya ya aiko da gero."

"To da maƙwabciyarki ce ta zo miki da wannan maganar, ɗanta na aiko mata da gero, me za ki ce mata?"

Daga nan su yi yarjejeniya a kan ƙaramin aiki: kafin mako mai zuwa ta soya gyaɗa mudu ɗaya, ta leƙa gidan ƙanwarta sau biyu, ta dawo ta faɗi yadda ta ji. A nan ne hanyar ta rabu da nasihar zaure. Mai nasiha shi ke magana, mai damuwa na sunkuye tana cewa to. A wannan zaman majinyaciya ce ke magana, ita ke gano amsar da bakinta, akwai adadin zama da aka ƙayyade, ana auna sauƙi da tambayoyi iri ɗaya kowane lokaci, kuma abin da aka faɗa ba ya fita ɗakin. Ba wanda zai ce mata ta cika rashin tawakkali, kalmar da ke ƙara wa mai ganin laifin kanta wani laifin.

An daɗe ana ɗaukar wannan magani na masu kuɗin Turai ne. Gwaje-gwaje a ƙasashe matalauta suka ƙaryata haka. A Uganda, a 2003, an nuna cewa zaman rukuni na mako 16 ƙarƙashin jagorancin mutanen gari ya rage damuwa ƙwarai a ƙauyukan Masaka da Rakai. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, ƙasar Musulmi mai kulle da zaman gandu irin na Hausa, Atif Rahman ya horar da ma'aikatan lafiya mata masu shiga gida-gida. A sakamakon da aka buga a 2008, bayan wata 6 kashi 23 cikin 100 ne kawai na matan da aka yi wa zaman ke da sauran ciwon, a rukunin da ba a yi wa irin wannan zaman ba kuwa kashi 53. A Harare ta Zimbabwe, Dixon Chibanda ya ajiye benci a harabar ƙananan asibitoci, ya horar da tsofaffin mata su yi zama 6 da mai damuwa. Mutanen Shona suna kiran ciwon kufungisisa, ma'ana yawan tunani, daidai da yadda ake faɗa a Limawa. A gwajin 2016, masu sauran alamun damuwa a cikin waɗanda suka zauna a bencin ba su kai kashi 14 cikin 100 ba, a cikin waɗanda ba su zauna ba kuwa kusan rabi ne. A Ibadan ma, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun nuna a 2019 cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci da aka horar sun iya kula da masu damuwa, kusan uku cikin huɗu suka warware a cikin shekara.

Wannan bai kore aikin likita ba. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, ya daina ci da sha, ko yake maganar kashe kansa, yana buƙatar a kai shi asibiti a ranar, kuma sau da yawa haɗa maganin sha da zantawa ya fi kowannensu shi kaɗai. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa ba ta cusa masa ra'ayin, hasali ma takan buɗe masa bakin da ya daɗe a rufe.

Bayan an naɗe tabarmi

Dutsen yau ba ta 1991 ba ce. Akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, asibitin Rasheed Shekoni ya zama asibitin koyarwarta, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga makarantar koyon aikin jinya a can, ga ta fasahar lafiya a Jahun da ke yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin jihar. Irin waɗannan ma'aikata ne aka horar a Rawalpindi da Ibadan. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar da aka rubuta musamman domin su, an kuma daidaita ta da yanayin Najeriya. Malaman zaure da limaman Juma'a na nan, ungozoma na nan, haka gwaggon da ke zuwa zaman jego ta kwana 40 tana dafa ruwan wanka da kunun kanwa, wadda ita ce ke fara ganin maijegon da ba ta son ɗaukar jaririnta. Abin da Lambo ya gane a Aro shi ne waɗannan mutane sun riga likita ganin majinyaci, kuma in an nuna musu alamun, su ne za su rako shi.

Buƙatar kuwa ba ta da nisa. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta fashe a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura, ta kashe mutum fiye da 150, yawancinsu matasa. An yi jana'izar bai ɗaya, manyan ƙasa sun zo ta'aziyya, an raba tallafi, an naɗe tabarmi. Matan da suka shiga takaba a makon sun fita wajen ƙarshen Fabrairun 2025. A cikinsu, da cikin iyayen da suka binne 'ya'ya biyu ko uku rana ɗaya, akwai waɗanda za su riƙa zuwa asibitin unguwa da ciwon kai da faɗuwar gaba, a gwada jininsu, a ba su farasitamol da maganin maleriya, su koma gida.

Gwajin farko da likitoci ke amfani da shi wajen gano ciwon damuwa tambayoyi biyu ne kacal, ba sa cin minti ɗaya. Ma'aikaciyar da ta gama ɗaura wa dattijuwa awon jini a Limawa ko Majiya tana iya yin su kafin ta kwance igiyar: "Inna, a mako biyun nan, kina yawan jin ranki a ƙuntace, ko kin fid da rai da komai? Abubuwan da kike jin daɗinsu a da, har yanzu kina jin daɗinsu?" In dattijuwar ta sunkuyar da kai ta fara murza bakin mayafinta, sai a tura ƙofa, a ce wa na layi su ɗan ƙara haƙuri.